Aron Sabis: Me Yarjejeniyar MTN da T2 Za Ta Tsinana wa Manomin Sabon Birni da Isa?



Duk wanda ke noma a gabashin Sakkwato ya san wannan hali. Kana tsakiyar fadama, ka zaro waya za ka kira dillalin albasa, ka duba ka ga ko sanda ɗaya babu. Na kusa da kai kuwa yana ta ciniki a tasa wayar, saboda shi layin wani kamfani ne gare shi. Turke ɗaya kuke hange ku biyu, shi ya karɓe shi, kai ya ƙi ka. Wani dattijo a ƙungiyar masu noman rani ya taɓa tare ni da wannan tambaya: “Malam, wai don mi layina ba ya hawa sabis ɗin wancan kamfani, tunda duk iska guda ta?”

Tambayar ba ta wasa ba ce, kuma a 2025 ta fara samun amsa. A tsakiyar shekarar, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da yarjejeniyar shekara uku tsakanin MTN da 9mobile, wanda ya sauya suna zuwa T2 a watan Agusta. Yarjejeniyar ta ba mai layin T2 damar amfani da turakun MTN a inda kamfaninsa ba shi da sabis, ba tare da ya sauya lamba ba. Wannan shi ne abin da kamfanoni ke kira romin, mu kuma mu kira shi aron sabis. Tun da labarin ya fito na ji manoma suna murna, wasu har suna cewa daga yanzu kowane layi zai hau kowane turke. Ba haka ba ne. Bari mu zauna mu tantance abin da ya canza, da abin da bai canza ba, da abin da ya rage a hannunka.

Abubuwa huɗu da muke haɗawa wuri ɗaya

Idan manomi ya ce “wayata ba ta karɓar wani layi”, yana iya nufin ɗaya daga cikin abubuwa huɗu, kuma kowanne maganinsa daban.

Na farko, waya a kulle. Yawancin wayoyin da muke saye a kasuwa, irin su itel da Tecno, a buɗe suke, suna cin sim biyu na kowane kamfani. Amma akwai wayoyi da 'yan na'urorin intanet da kamfani ke sayarwa da araha ya ɗaure su da layinsa kaɗai. Akwai kuma waɗanda ake bayarwa bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan, in biya ya tsaya su kulle kansu. Wannan matsalar na'ura ce, ba ta sabis ba. Kafin ka biya kuɗin waya, musamman ta hannu, sa sim ɗin kamfani biyu daban-daban a gaban mai sayarwa, ka kira, ka ji ta shiga.

Na biyu, sauya kamfani ka tafi da lambarka. Wannan dama tana nan tun watan Afrilu na 2013. Za ka je ofishin kamfanin da kake son komawa, da kanka, da shaidarka ta NIN, ka cike takarda, ka aika kalmar PORT zuwa 3232, su ba ka sabon sim mai tsohuwar lambarka. Ba a biyan kuɗin sauyawa, amma katin da ya rage a tsohon layi ba ya bin ka. Wannan ƙaura ce, ba aro ba: ka bar gida ɗaya ka koma wani.

Na uku, aron sabis a cikin gida, wato irin na MTN da T2. Layinka na nan yadda yake, kamfaninka ne ya yi yarjejeniya da wani ya riƙa ɗaukar ka.

Na huɗu, aron sabis na ƙetare, wato layin Najeriya ya hau turken Nijar. Mu mutanen iyaka wannan ne ya fi shafar mu, shi ne kuma ya fi cinye mana kati.

Abin da yarjejeniyar ta yi da abin da ba ta yi ba

Mu faɗi gaskiya, ba don manomin Gatawa ko na Bafarawa aka ƙulla wannan yarjejeniya ba. Ciniki ne tsakanin kamfani biyu. 9mobile, wanda aka sani da Etisalat kafin 2017, ya taɓa mallakar layuka sama da miliyan 20, amma zuwa farkon 2025 sun koma ƙasa da miliyan 4, saboda ƙarancin sabis ya kori jama'a. MTN kuwa shi ke riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar nan. Ɗaya na neman hanyar tsira, ɗaya na neman kuɗin haya a kan turakun da ya riga ya kafa. Kamar mai injin ban-ruwa ne da ya ba maƙwabci aro ana biyan shi.

Saboda haka, in layinka na Airtel ne ko Glo, wannan yarjejeniya ba ta ba ka damar hawa turken MTN ba. In kuma ƙauyenku babu turken MTN da ke aiki, mai T2 ma bai samu komai ba. Aro ba ya kafa sabon turke, ba ya kai man dizal ga wanda ya mutu, ba ya kuma gyara wanda aka lalata. A yankinmu nan gizo ke saƙa: akwai wuraren da turke ke tsaye amma shiru, saboda masu kai mai da masu gyara suna tsoron hanya. Zanen aro ba ya rufe katara.

Duk da haka kada mu raina abin. Amfaninsa shi ne ya nuna cewa abin da dattijon nan ya tambaya mai yiwuwa ne. Ba na'ura ce ta hana ba, yarjejeniya ce babu. Kai ma ka taɓa ganin alamar haka: lokacin da wayarka ta rubuta cewa kiran gaggawa kaɗai za ta iya, ma'anarsa tana jin turken wani kamfani, shi ne dai bai yarda ya ɗauke ta ba sai don kiran 112. A watan Maris na 2025 ma, iyayen kamfanonin MTN da Airtel sun sanar da cewa za su riƙa amfani da kayan aikin juna a Najeriya da Uganda. Wannan raba kayan aiki ne don rage kashe kuɗi, ba aron sabis ga mai layi ba, amma ya nuna inda harkar ta dosa.

Darasin 2021

Mu a nan mun riga sauran ƙasa sanin darajar sabis, domin an taɓa ɗauke mana shi gaba ɗaya. A farkon Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara don yaƙi da 'yan bindiga. A ranar 20 ga watan, gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sanar da rufewa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, har da Sabon Birni da Isa. Abin ya faɗo daidai kaka, ana yankan gero, ana shirin rani.

Kowa ya tuna yadda aka yi. Mai kaya bai san farashin Shinkafi ko na Illela ba sai abin da dillali ya gaya mai. Masu POS suka rufe. Ɗan da ke ci-rani a Legas ya rasa yadda zai aiko da kuɗin taki. Mafi muni, in an ga motsi a daji babu yadda za a yi a sanar da ƙauyen gaba. Waɗanda ke kusa da iyaka suka koma neman sabis ɗin Nijar, ana hawa tudu, ana bin layi a kan waya ɗaya. Rahotanni kuma suka yi ta nuna cewa waɗanda aka rufe layin dominsu su ma can suka koma.

Darasi biyu ke ciki. Na ɗaya, in aka kashe dukkan turakun Najeriya a yanki, aron sabis na cikin gida ba shi da amfani, domin babu wanda za a ara a wurinsa. Na biyu, a irin wannan rana turken maƙwabta ne kaɗai ya rage, don haka dole mu san yadda ake hulɗa da shi tun kafin buƙata ta taso.

Sabis ɗin Nijar: ɗan uwa ne, amma baƙo kake

Gobir ɗaya ce daga Sabon Birni har Tsibiri. Muna auratayya, muna cin kasuwannin juna, kuma dubban mutanenmu da rashin tsaro ya kora suna zaune a yankin Gidan Rumji ta jihar Maraɗi. Sabis ma bai san iyaka ba. Turken da ke cikin Nijar yana iya jefo sabis cikin gonarka, wayarka ta kama shi da kanta ba ka taka ko'ina ba.

A Nijar akwai Airtel, da Moov, da Zamani wanda ya gaji Orange, da Niger Telecoms. MTN da Glo ba su da reshe a can. Airtel na Nijar da na Najeriya kuwa uwa ɗaya ce ta haife su, amma kowanne da lasisinsa da farashinsa. Duk lokacin da layinka na +234 ya hau turken +227, a matsayin baƙo ake lissafa ka. Kira ya fi tsada, data ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma a wasu tsare-tsaren ko kiran ka aka yi ka ɗauka sai an cire maka.

Na ga wannan da idona. Wani manomin tattasai ya zo mani a fusace, wai ya sa katin da zai kai shi mako, kafin la'asar ya ƙare, lallai kamfani ya yi mai sata. Da muka duba wayar, sai ga ɗan harafin R a saman sandunan sabis, ga sunan wani kamfani da bai taɓa saye ba. Gonarsa tana bakin iyaka, wayar ta tsallaka ita kaɗai, datarsa kuma a buɗe, saƙonnin murya da bidiyon WhatsApp suna ta sauka da farashin ƙetare.

An so a magance wannan tsada. A Disamba na 2017 ƙungiyar ECOWAS ta zartar da ƙa'idar cewa ɗan wata ƙasa da ya shiga wata ya riƙa amsa kira kyauta har kwana 30, ya kuma yi kira da farashin 'yan gida. Ghana da Kodebuwa sun fara aiki da ita a tsakaninsu a 2023. Mu kuwa siyasa ta sha gabanmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, aka rufe iyaka, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A 29 ga Janairu, 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Kafin nan, a Nuwamba na 2024, ƙasashen uku sun sa hannu a kan tasu yarjejeniyar soke kuɗin aron sabis a tsakaninsu, kuma Najeriya ba ta ciki. Ka ga ke nan mutumin Maraɗi zai fi samun sauƙin waya a Bamako da ke nesa, fiye da a Sabon Birni inda kawunsa yake. Wanda ke jiran ƙa'idar ECOWAS ta sauƙaƙa mai kira a bakin iyakarmu, gara ya sake lissafi.

Babbar asara ba ta kati ba ce

Kati in ya ƙare ana sake sawa. Abin da ya fi damuna shi ne lambar kanta. Tun shirin tallafin taki ta waya na 2012, zamanin minista Akinwumi Adesina, lambar waya ta zama sunan manomi a wurin gwamnati. Shirye-shiryen tallafi na yanzu ma da lamba ake rajista, ta nan saƙon karɓar taki da iri ke zuwa. Asusunka na banki, da BVN, da NIN, duk a jikin lamba ɗaya suke rataye.

To ga abin da ke faruwa. Manomi ya ga layinsa ba ya kamawa a ƙauye, ko gudun hijira ya kai shi tsallake, sai ya cire sim ɗin ya jefa a gwangwani, ya sayi wani. A ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi abin kuɗi da shi ba ana iya dakatar da shi, in ya ƙara wasu wata shida ana iya sayar da lambar ga wani. Daga ranar, saƙon takinka da alat ɗin bankinka wayar baƙo za su riƙa shiga.

Mun taɓa yin wannan asara a wata ƙungiya da nake bi. An yi rajistar mambobi da lambobinsu, aka jira, shiru. Sai bayan an gama rabo muka gano cewa da yawansu sun daɗe da barin lambobin da suka bayar, saboda sabis ɗin wani layi ya fi ƙarfi a inda suka koma. Saƙo ya fita, ba wanda ya gani. Ba wanda ya cuce su, rashin sani ne, kuma ni ma da laifina, domin ban tambaya ba lokacin da nake rubuta sunaye.

Abin da za ka yi tun yanzu

Ɗaya, ka san lambar da ke jikin bankinka da NIN ɗinka da rajistar ƙungiya, ka riƙe ta kamar takardar gona. Ko ba ta kamawa a ƙauyenku, duk ranar kasuwa in ka shiga gari ka sa mata kati ko na naira ɗari, ka yi kira ɗaya, ka duba saƙonni. Ka bar ɗan canji a kai, domin tun tsakiyar 2025 kuɗin amfani da lambobin banki na tauraro, naira 6.98, daga katin waya ake cire shi.

Biyu, in wani kamfani ne ya fi sabis a inda kake zaune, kada ka yar da tsohuwar lamba. Ko dai ka sa sabon sim a rami na biyu, ko ka yi ƙaura da lambarka kamar yadda na bayyana a sama.

Uku, in gonarka ko gidanka na kusa da iyaka, shiga saitin waya ka kashe datar romin. Sannan a wurin zaɓen sabis, ka cire shi daga mai zaɓa da kansa, ka zaɓi kamfaninka da hannu. In ba ka iya ba, ba yaronka ko mai cajin waya ya yi maka, minti biyu ne. Ranar da kake buƙatar sabis ɗin tsallake da gangan, sai ka mayar.

Huɗu, in harkarka ta haɗa da Maraɗi ko Madawa, sim ɗin Nijar na kanka ya fi aro sauƙi wajen kiran mutanen can. Amma ka yi rajistarsa da sunanka ta hanyar da hukumarsu ta tsara. Kada ka sayi sim da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, na Najeriya ne ko na Nijar. Laifi ne, kuma a yanayin da muke ciki ba ka san abin da aka aikata da shi ba kafin ya zo hannunka. Ka kuma tuna bankinka na Najeriya bai san wannan lamba ba.

Biyar, ga sakatarorin ƙungiyoyi: ku buɗe shafi a littafinku, kowane mamba a rubuta lambar rajistarsa, da lambar da ake samun shi yau, da ta wani makusanci. A sabunta kafin damina da kafin rani. Ku kuma rubuta wane layi ke kamawa a wane ƙauye. In ƙungiya na da waya, ta kasance da layi biyu na kamfani daban-daban, a hannun mutum biyu amintattu. Tun da NCC ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a Janairu na 2025, saƙo ɗaya ya tashi daga naira 4 zuwa 6, don haka a ware kuɗin kati a cikin kasafin ƙungiya kamar yadda ake ware na man inji.

Shida, maganar tsaro. Wurin da kowa ya sani nan ake samun sabis, kowa fa ya sani. Kada ku mai da shi wurin taruwa a lokaci ɗaya kullum, kada kuma a tsaya can ana faɗin nawa aka sayar da nawa za a turo da babbar murya.

Abin da ya kamata mu nema

Sauran aikin ya fi ƙarfin manomi ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiyoyi ba in sun haɗa baki. Tunda an ga aron sabis na aiki tsakanin kamfani biyu, me zai hana NCC ta shimfiɗa shi ga dukkan kamfanoni a ƙananan hukumomin iyaka da masu fama da rashin tsaro? A inda turke ɗaya ne kaɗai ke da rai, bai kamata ya zama na masu layi ɗaya ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman don kai sabis inda kamfanoni ba su ga riba ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa turakun sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da dole a tsare, a 2025 kuma ministan sadarwa Bosun Tijani ya yi maganar kafa turaku 7,000 a karkara. Tambayar da za mu yi wa kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu mai sauƙi ce: guda nawa ne na Sabon Birni da Isa, kuma wa zai tsare masu kai musu mai?

Ku rubuta a takarda da sunan ƙungiya, ku lissafa ƙauyukan da babu sabis da waɗanda turkensu ya mutu, da tun yaushe. In kun kai kuka ga kamfani ta lamba 300 ba a share muku hawaye ba, lambar ƙorafi ta NCC ita ce 622, kuma kyauta ce. Ƙorafin mutum ɗaya yana ɓacewa, na ƙungiya ashirin da wuya a ce ba a gani ba.

Na koma wurin dattijon nan na ba shi amsa: gaskiyarka, Baba, iska guda ce, masu turakun ne ba su shirya ba, amma biyu daga cikinsu sun fara. Kafin sauran su biyo baya, a yau ɗin nan ka ciro tsohon sim ɗinka daga gwangwani, ka gwada ko yana da sauran rai.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya sa albarka a abin da muka shuka. Amin.